Shekarar da Na Huda Motar Marayu

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, saura kaɗan ƙanena ya tsayar da ni gaban alƙali saboda wasu 'yan ramuka da na huda a jikin mota. Ku 'ya'yana kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To ga shi yau daga bakin wanda ya riƙe abin hudar.

Wana, Yaya Labbo, ya rasu ana tsakiyar damina. Bai bar shanu ba, bai bar gonar kirki ba. Abin da ya bari shi ne matarsa Hassi, 'ya'ya mata uku da ba wadda ta isa aure, da tsohuwar a-kori-kurarsa, irin ta Faransa mai dogon hanci, wadda tun a lokacin an daina ƙera irinta. Da ita ya ci ya sha. Kowace Alhamis yana Shinkafi, ya sauke gero da dawa, ya ɗauko gishiri da kanwar da ake shigowa da su ta wajen Jangeru, ya dawo Ƙaura. Ni kuwa aikina gyaran jikin mota, abin da ake kira fanel bita. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in an ce ƙarfe ya lanƙwashe ko ya ɓurme, a Ƙaura ana ambaton sunana cikin na farko.

Da aka share makoki, Baba Maiwada, ƙanen mahaifinmu, ya taso daga Zurmi don maganar gado. Tun da Yaya bai bar ɗa namiji ba, in an fitar da tumunin Hassi da rabon 'yan matan, ɗan abin da ya saura namu ne, ni da ƙanenmu Sule. Sule yaro ne mai jini a jika a lokacin. Duk sa'o'insa sun sayi babur sun nufi Gusau suna kabu-kabu, domin sabuwar jiha ta cika da ma'aikata, shi kaɗai aka bari. Ban ga laifinsa ba da ya matsu. Muka fita ƙofar gida inda motar take fake ƙarƙashin dogon yaro tun ranar da Yaya ya kwanta. Sule ya sa ɗan yatsa a gindin ƙofar direba ya danna, sai yatsan ya shige kamar ya danna ƙosai.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Wagga ba mota ba ta, Baba. Gwangwani na. A kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna, a ba kowa nashi."

Na ce, "In anka auna ta, mi ɗiyan Labbo za su ci baɗi? Ƙarfen?"

Baba ya dube ni ya ce, "Hashimu, ka iya tashe ta?"

Na ce na iya. Gaskiya ban gama dubawa ba na amsa. Abin da na sani shi ne injin lafiya lau yake, kuma ƙashin motar na ƙasa bai ruɓe ba. Baba ya ce ya ba ni daga nan zuwa faɗuwar ruwan baɗi. In ta tashi ta zama motar da za a iya ɗora wa lodi, a bar wa marayu tana nemo musu abinci, a biya Sule rabonsa daga aikinta. In ba ta tashi ba, a sayar. Ya ƙara da cewa in tuna dukiyar marayu ce, ba tawa ba, kuma zamani ya canza. Ba sai ya faɗa ba. A shekarar nan ko'ina ka juya wa'azi ake yi a kan amana da cin dukiyar maraya, mutane na ta fito da tsofaffin rigingimun gado suna kai wa malamai.

Muka ja ta zuwa garejina da ke bayan tasha. Ranar da na kwance ƙofar gefen fasinja na ɗaga ta, sai na ji wani abu yana motsi a ciki, kwacal-kwacal, kamar an girgiza tulu. An jima da ɗauke ruwa, har an fara yankan dawa. Na kwantar da ita na duba gindinta. Masu ƙera motar sun bar wasu 'yan ramuka a can ƙasa, amma an liƙe su da kwalta. Na san wannan kwaltar, don duk wani fanel bita na Ƙaura haka yake yi a lokacin, har da ni. Direbobinmu masu shiga ƙauyuka suna ratsa gulbi da damina, to abin da kowa ke tsoro shi ne ruwa ya shiga mota ta ƙasa. Saboda haka da an kawo mota gyara, sai direba ya ce a toshe masa duk wata kafa, mu kuwa mu narka kwalta mu bi muna liƙewa, a yaba mana a ce mun iya aiki. Na sa ƙusa na tsokale kwaltar. Wani jan ruwa mai wari ya tsiyayo mini a ƙafa, ya daɗe yana zuba, bayansa kuma laka ta biyo.

Na zauna a kan tsohuwar taya ina kallon ruwan nan. Ba na gulbi ba ne. Mota ba ta ratsa gulbi tana fake a ƙofar gida. Ruwan sama ne. Yana sauka a kan gilashi, ya gangara, ya bi ta gefen robar da ta tsufa ta tsage, ya faɗa cikin ƙofa. Babu robar da za ta hana shi gaba ɗaya, kuma waɗanda suka ƙera motar sun san haka, shi ya sa suka bar masa hanyar fita. Mu kuma muka zo muka toshe.

Da la'asar na biya gidan Yaya. Hassi na cikin takaba, na tsaya daga bakin zaure muka gaisa. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji tun ranar da aka kawo ta, ko rasuwar ba ta kashe shi duka ba. Na ba ta labarin ruwan.

Ta ce, "Kai, Sarkin Guduma. Ashe duk shekarun ga motar ba ta da rariya?"

Na ce, "Rariya kuma?"

"To mi na na? Gidan ga da kaka tsaye, in na bari rariya ta toshe damina guda, katanga na kai labari? Ku maza kun iya gini, amma mu ka tsokale maku rariya da kara ana tsuga ruwa."

Na yi dariya, amma da kalmar nan na kama hanya, kuma da ita na yi aikin gaba ɗaya. Na daina tambayar kaina ta ina ruwa ke shiga. Na koma tambayar ta ina zai fita.

Aikin ya cinye mini rani. Duk inda tsatsa ta ci, ban shafe shi da fila ba, wato wannan ƙullun da ake cike rami da shi a goge a fesa fenti ya yi kyau a ido. Fila a kan tsatsa kamar yaɓe ne a kan gara. Na yanke ruɓaɓɓen har sai na kai ga farin ƙarfe, na yanko sabo na yi walda. Inda ƙarfe biyu suka haɗu, na ɗora na sama a kan na ƙasa yadda ake jera kwanon rufi, don ruwa ya zame ya wuce maimakon ya samu leɓen da zai kwanta. A gaban gilashi, ƙarƙashin ragar da iska ke shiga, akwai wani kwari mai bututu a kowane gefe. Na tarar da shi cike da ganye da 'ya'yan dogon yaro, sun ruɓe sun zama taki, har wani abu ya tsiro. Shi ne yake zubo wa direba ruwa a ƙafa, Yaya yana ta zagin robar gilashi. Na kwashe, na sa sabon tiyo mai faɗi na sauke bakinsa ƙasa sosai. Dardumar da Yaya ya shimfiɗa a ciki, mai soso a ƙarƙashi, wadda yake alfahari da ita, na ɗaga na ga ita ta cinye daɓen, don soso in ya sha ruwa ba ya saki. Na fitar da ita na sa tabarmar roba wadda za a iya ɗaukewa a shanya.

Bayan motar, inda ake lodi, shi ya fi ba ni wahala. Gishiri da kanwa in suka haɗu da laima, cin ƙarfe suke kamar wuta. Kusurwoyin gaba biyu sun tafi gaba ɗaya, domin nan ruwa ke taruwa in an faka mota hanci ƙasa. Na sake su, na jera katako a kwance da ɗan tsakani don buhu ya daina kwanciya a kan ƙarfe.

Sannan na zo kan ramukan. Ban huda da ka ba. Kowane wuri sai na zuba ruwa da buta na tsuguna na ga inda ya je ya kwanta, na yi alama da alli, sannan na huda a nan. Na buɗe na asali, na ƙara wasu inda na ga ana bukata: gindin ƙofofi, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, kusurwoyin baya, daɓen ƙafar direba. Kowane rami na goge bakinsa, na shafa masa jan fentin da ke hana tsatsa, don rami in an bar bakinsa tsirara daga nan cutar za ta sake kamawa. A ƙarshe na narka kakin zuma na gauraya da baƙin mai, na ɗura cikin ƙofofin na jujjuya su har ya bi kowane lungu.

Ana cikin haka Mamman, abokin aikina da muka buɗe garejin tare, ya kwashe kayansa ya koma Gusau. Motocin gwamnati sun yi yawa can, masu gyara sun yi kaɗan. Ya aiko mini ba sau ɗaya ba, ya ce ga rumfa ya kama mana, in zo. Na ce sai na gama motar Yaya. Kafin in gama ya ɗauki wani. Kun san gidan Mamman na Gusau, kun kuma san namu. Mahaifiyarku ta yi mini magana a kan wannan, ta ce mutane na gudu su kama sabuwar jiha ni ina ƙarƙashin tsohuwar mota. Ba ta yi ƙarya ba. Shekarar nan tuwonmu bai cika samun nama ba.

'Yan tasha kuwa suka samu abin yi. Duk wanda ya gama lodi sai ya biyo ya tsaya yana kallo.

"Hashimu, mota kaka gyara ko gwagwar tuyan ƙosai?"

"Ku bar shi, matankaɗi yaka haɗa ma Hassi."

"In ta shiga gulbi sai a riƙa kamun kifi daga ciki."

Ni dai ina ta aikina. Amma maganar ta bi motocin Zurmi ta isa kunnen Sule da ke zaune can, kuma kafin ta isa ta canza kama. Aka ce masa na gyara mota ta yi kyau, na fesa mata fenti, sannan na bi ta ina hudawa da gangan don ta faɗi a ido, in an zo kimantawa in saye ta da arha. Ya zo garejin da rana tsaka. Motar na tsaye, fara fat kamar yadda take ranar da Yaya ya sayo ta. Bai ko dubi fentin ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙofa, ya tashi idonsa ja.

"Yaya Hashimu, ashe gaskiya na. Kai da hannunka."

Na ce, "Zauna in gwada maka."

"Ba ni zama. Ɓarna ta a dukiyar marayu, kuma yanzu akwai Shari'a. Wallahi gaban alƙali za mu."

Maganar ta yi mini zafi. A shekarar nan ba ƙaramin abu ba ne a ce an kai ka kotu a kan dukiyar maraya. Ko an wanke ka, sunan ya manne. Wa zai sake kawo maka motarsa? Kuma in magana ta kai can, na san ƙarshenta a ce a sayar a raba don a huta, aikin rani guda ya tafi, 'yan matan su tashi da abin da ba zai kai su kaka ba. Na aika wa Baba Maiwada na roƙe shi ya zo kafin Sule ya kai ƙara.

Ya zo da bazara, hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma ruwa bai sauka ba. Na kai motar ƙofar gidan Yaya. Hassi ta fita takaba, tana tsaye daga cikin zaure da 'yan matan a bayanta. Maƙwabta suka fito, wasu 'yan tasha ma suka biyo don kada a ba su labari. Baba ya zagaya motar da sandarsa yana ƙwanƙwasawa. Sule ya nuna masa ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ce, "Hashimu, na ga aiki. Amma waɗanga hujojin hwa? Ni tun da nike ban taɓa ganin an gyara abu an huda shi ba."

Na ce, "Baba, soronka na Zurmi, wanda Kaka ya gina, mi as sa har yau bai zube ba?"

"Ina yi mashi yaɓe."

"In ka yi yaɓen, kana liƙe indararo?"

Ya tsaya ya dube ni. "Wane mahaukaci ka liƙe indararo?"

Na ce, "Mu, Baba. Mu masu gyaran mota. Shekara da shekaru muna liƙe shi, ana biyanmu."

Mutane suka yi dariya. Sule bai yi ba. Ya ce soro ba ya ratsa gulbi, mota kuwa tana ratsawa, ruwa zai shigo ta nan ƙasa. Na ce ƙwarai zai shigo, kuma da ta hau tudu zai fita ta inda ya shigo, kafin a kai Ƙaura iska ta busar da wurin. Ruwan da ke wucewa ba ya kashe ƙarfe, sai wanda ya samu wurin kwana.

Baba ya ce shi ba ya yanke hukunci da baki. Ya sa aka kawo masa buta cike. Ya ce in ɗaga gilashin ƙofar direba, na ɗaga. Ya kafa bakin butar a jikin gilashin ya tsiyaye ta duka, ruwan ya bi ta gefen roba ya shige. Kowa ya sunkuya yana kallon gindin ƙofa.

Ko ɗigo bai fito ba.

Ban taɓa jin gumi irin na ranar ba. Wani daga baya ya ce, "To, rariya ta ƙi." Sule ya miƙe ya harɗe hannu. Na durƙusa na leƙa. Ramin na nan, amma zafin bazara ya narkar da kakin da na ɗura, ya gangaro ya taru a bakin ramin ya toshe shi. Na shafa aljihuna, ba ƙusa, ba waya, na bar komai a gareji. Sai na ji muryar Hassi daga zaure.

"Sarkin Guduma, ungo."

Ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya ta miƙo. Na karɓa na tsokala. Ruwan ya ɓalle gaba ɗaya, fari tas ba ja ba, ya sauka daidai kan takalmin Sule da ya matso don ya ga kunyata. Ya yi tsalle baya. Wurin ya kaure da dariya, har Baba sai da ya dafa sanda.

Hassi ta ce, "Ai na gaya maka. Ku ka gini, mu ka tsokalewa."

Baba bai tsaya nan ba. Ya sa aka sake cika butar, ya zuba a ɗaya ƙofar, ya zuba a ragar gaban gilashi, ya sa aka watsa bokiti a baya. Ko'ina ruwan ya fito ta inda aka yi masa hanya, ya bar ƙarfen. Sannan ya juya wajen Sule.

"Kai ka ce ɓarna ta. Ni ban ga ɓarna ba. Mota ta ɗiyan Labbo ta, ba a saida ta. Rabonka na nan, za a fidda maka daga aikinta har ya cika. In kana son alƙali bayan wanga, sai ka fara kai ni."

Sule bai kai ƙara ba. Ya samu babur ɗinsa kafin damina ta biyu, ya tafi Gusau. Amma dariyar da aka yi masa a ƙofar gidan nan ta daɗe a ransa fiye da yadda na zata. Shekaru muna gaisawa a tsaye. Na so a ce ruwan ya sauka a ƙasa kawai.

Muka samo direba mai amana, motar ta koma hanyar Shinkafi. Sharaɗina da shi guda ne: duk ranar da ya ɗauko gishiri ko kanwa sai ya wanke bayan, in zai faka ya ɗaga hancinta sama, kuma kafin kowace damina ya kawo ta in bi ramukan da waya. Damina ta farko 'yan tasha suna jira su ga ta ruɓe. Ta biyu suka yi shiru. Ta uku sai ga wanda ya kira ta gwagwar ƙosai ya turo tasa motar garejina, yana sosa ƙeya, wai in cire masa kwaltar. Na ce ai ni matankaɗi nake haɗawa. Ya ce to a haɗa masa.

A cikin motar nan aka ciyar da 'ya'yan Yaya Labbo, aka yi musu makaranta, aka kai kowacce ɗakinta. Ranar da za a kai kayan auta Zurmi, an samo wata sabuwar mota ta haya don fita kunya, Hassi ta ce a mayar. Ta ce gadon 'yarta da kwallayenta a motar ubanta za su tafi. Ni na tuƙa. An yi ruwa da safe, gulbi ya kawo, muka tarar da motoci sun yi layi a mashigi suna jiran ya sauka. Na duba, na ga bai kai inda zai taɓa inji ba, na sa giya na shiga. Ruwa ya shigo har ya jiƙa mini ƙafa. Da muka hau tudu na tsaya na fito. Hassi ta leƙo daga gidan gaba, ta ga motar tana zubar da ruwa ta kowace kafa, ta ƙasan ƙofofi da kusurwoyin baya, yana gangarawa yana komawa gulbi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To shigo mu tahi, Sarkin Guduma. Dangin ango na jira."